Ƙwannafi: Yadda Ake Gane Shi da Yadda Ake Kashe Wutarsa

Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi, shekara 27 ke nan ina taka keke. Ni ne kuma mai kiran sallar asuba a ɗan masallacin layinmu, tun da ciwon ƙafa ya zaunar da tsohon ladaninmu. To ta muryar nan abin ya fara tona kansa. In na tashi da asuba na buɗe baki, sai wata irin murya ta fito kamar ana jan kwano a kan siminti. In yi kaki, in kurɓi ruwan ɗumi, a banza. Kafin hantsi ta washe, gobe a maimaita. Wata 4 ina ɗora wa fanka da ƙurar hunturu laifi, na sha zuma da lemun tsami har na gaji.

'Yata ta fari, wadda take aikin jinya, ita ta gano bakin zaren ranar da ta zo mana kwana.

"Baba, ƙarfe nawa kake cin abincin dare?"

"In na rufe shago."

"Ƙarfe nawa kake rufewa?"

"Goma da rabi. In Sallah ta matso, sha biyu."

"Daga nan sai kwanciya?"

"To me zan tsaya yi, gadi?"

Sai ta juya wajen uwarta. "Mma, yana tari cikin dare?" Uwar ta ce tari kai, har zumbur yake tashi zaune yana neman ruwa, ga gyatsa mai tsami. Ni duk ban ɗauki waɗannan a bakin komai ba, don na saba da su kamar yadda na saba da ƙarar keke. Yarinyar ta ce, "Baba, ƙwannafi ne ke cin muryarka."

Da yake ta san uban nata, da harshen ɗinki ta yi mini bayani. Ta ce inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wani zoben tsoka, tamkar zariyar wando. In loma ta sauko sai ya saki ta wuce, sannan ya sake tsukewa. Shi tumbi yana da ruwan asid mai ƙarfi da yake narkar da abinci, kuma Allah ya yi masa shafi daga ciki, asid ɗin ba ya cin sa. Hanyar abinci ba ta da irin wannan shafin. In zariyar ta yi sako-sako, ko aka cika tumbi har ya rinjaye ta, sai ruwan ya yi sama ya ƙone inda bai kamata ya taɓa ba. Kana tsaye nauyinsa yana riƙe shi a ƙasa. Kana miƙewa a gado, hanya ta zama shimfiɗaɗɗiya, sai ya malalo, wani lokaci har maƙogwaro. Abin da yake yi mini ke nan kowane dare ina barci.

Alamarsa ta farko kowa ya san ta: zafi kamar an ajiye garwashi a ƙahon zuci, yana hawa ta tsakiyar ƙirji. Yakan zo bayan cin abinci, musamman in an ci an yi nak, ya ƙaru in ka kwanta ko ka sunkuya. Ni a ruku'un sallar isha'i nake jin ruwa mai tsami ko ɗaci ya taso mini har baki. Waɗanda ba a cika ganewa ba su ne irin nawa: dishewar murya da safe, busasshen tari na dare da ba mura, yawan gyaran murya, jin kamar wani abu ya tokare a wuya ka haɗiye ya ƙi wucewa, warin baki, har da zaizayewar haƙora ta ciki. Mai asma ma yakan ga tana yawan tasar masa da dare. In abin sau ɗaya ne a wata, ranar da aka yi suna ka wuce gona da iri a kan tuwon zafi, wannan kowa na yi. In ya kai sau 2 ko fiye a mako, ya zama ciwo, a tashi tsaye.

Mu nan zango kowane zafin ciki sunansa olsa. Da mutum ya dafe ƙirji sai ka ji an ce, ai olsa ce, sha madara. Alhali olsa, wato gyambon ciki, ciwo ne dabam: rauni ne a bangon tumbi ko farkon hanji, kuma galibi abu biyu ke kawo shi, wata ƙwayar cuta mai suna H. pylori, ko yawan shan magungunan ciwon jiki. Likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka tabbatar da aikin ƙwayar, shi Marshall har kwankwaɗar ta ya yi don a yarda da shi, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gano ta da gwajin bahaya ko na numfashi, a kashe ta da haɗin magunguna na kamar mako 2. Zafin gyambo yakan tsaya wuri guda a saman cibiya, wani irinsa ma ya fi tsanani in ciki ba komai. Ƙwannafi kuwa hawa yake yi. Mutum na iya haɗa su biyun, shi ya sa ba a yanke hukunci a benci ƙofar shago.

Kafin in shiga magani, akwai zafin ƙirjin da ba a tsayawa neman kanwa a kansa. In ka ji kamar an ɗora maka buhun masara a ƙirji, ko ana matse shi, zafin yana tafiya hannu, kafaɗa, wuya ko muƙamuƙi, ga gumi mai sanyi, numfashi na sarƙewa, ko kuma ya zo lokacin da kake hawa bene ko sauri a hanya, zuciya ce ake tsoro. A kira 112, ko a tari mota a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Masu ciwon suga, tsofaffi da mata, nasu yakan zo a ɓoye, kamar ɗan ƙwannafi da kasala kawai. Kuma kada ka ce ai na sha magani ya lafa, saboda haka ba zuciya ba ce. Gara likita ya yi maka dariya ya ce iska ce.

Sauran abubuwan da ke cewa asibiti yau, ba gobe ba: abinci yana maƙalewa ko haɗiya da zafi, rama ba dalili, amai da jini ko mai kama da dusar kofi, bahaya baƙi ƙirin kamar kwalta, amai da ya ƙi tsayawa, ƙarancin jini, ko ciwon ya fara maka sabo bayan ka ba shekara 50 baya. A irin wannan sukan zura siririyar kyamara ta baki su leƙa. Ana yi a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Ji, da wasu asibitocin. Ana zuwa ba a ci komai ba, a fesa maka maganin kashe zafi a maƙogwaro, 'yan mintuna an gama. Dalilin leƙawar shi ne asid in ya shekara da shekaru yana ƙona wuri ɗaya, yakan bar tabo ya tsuke hanyar, a wasu 'yan kaɗan kuma ya sauya fatar wurin zuwa abin da sai an riƙa sa masa ido.

To yanzu gyara. Abin da ya fi yi mini aiki, kuma ya fi ba ni wuya, shi ne lokaci. A bar awa 3 tsakanin loma ta ƙarshe da kwanciya. A faɗe da sauƙi. Mu masu sana'ar hannu da dare muke cin abincin kirki: direban trotro, mai shago a Kejetia, mai gyaran waya, duk yini ana ta fama da ruwan leda da goro, sai dare ya yi a zauna wa banku da shito, miyar barkonon nan, ko a tsaya wajen mai shayi a sa ya soya Indomie da ƙwai 3. Ni dai da na ga ba zan iya rufe shago da wuri ba, sai na matso da abincin. Yanzu ana kawo mini kwanona shago da an idar da magariba, in ci, in koma kan keke. In yunwa ta taɓa ni kafin barci, ayaba ɗaya ta isa. A mako na biyu Hajiya ta ce ta daina jin tarin.

Sai yawan abin. Tumbi in ya cika ya yi tam, dole ya tura sama. Raba abincinka, ka ci kaɗan sau 3 ko 4, maimakon ka tara wa dare. Hadisin nan da muka haddace tun muna makarantar allo, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, ashe takardar likita ce muke ta karantawa ba mu aiki da ita. In ka gama ci kada ka kishingiɗa, ka ɗan taka. Ka sassauta bel da zariya, mata kuma a rage tamke ɗaurin zani a kan ciki.

Maganar gado kuwa, kuskuren da na fara yi shi ne tara matashin kai har 3. Wannan lanƙwasa mutum yake yi a tsakiya, ya ƙara matse cikin, ga ciwon wuya kyauta. Gadon ake ɗagawa gaba ɗaya ta wajen kai, inci 6 zuwa 8, wato santimita 15 zuwa 20. Na sa awo na auna, na samo bulo 2 masu inci 6, na sa a ƙarƙashin ƙafafun gadon na wajen kai. Daren farko Hajiya ta ce ji take kamar za ta zame ta faɗo, bayan kwana 3 ta manta da zancen. Mai kwana a katifa a ƙasa ya cusa wani abu mai tauri a ƙarƙashin katifar, ya zama gangare tun daga ƙugu har kai.

Sannan kwanciya ta gefen hagu, domin tumbi ta hagu ya karkata, in ka kwanta haka bakinsa yana sama da ruwan da ke ciki. Nan na yi turus, don mun tashi da sanin sunna ita ce kwanciya ta dama. Na kai wa malaminmu maganar bayan karatun safe. Ya ce, "Alhaji, fara da damanka, ka yi addu'o'inka, in ka gama ka juya. Mai lalura ba a ƙuntata masa ba." Haka nake yi.

Abinci kuma, kada kowa ya ba ka dogon jerin haramtattu har ka rasa abin kaiwa baki. Kowa da abin da ke tayar masa. Waɗanda aka fi kamawa da laifi su ne maiƙo da soye-soye, don suna daɗewa a ciki kuma suna sassauta zariyar, sai barkono, tumatir, lemu, kofi, cakulan, na'ana'a, da lemun kwalba mai gas. Ka samu ɗan littafi, mako 2 kana rubuta abin da ka ci da lokacin da zafin ya zo. Ni a bayan littafin awon kwastomomi na yi nawa. Abin da ya fito ya ba ni mamaki. Waakye bai taɓa yi mini komai ba sai in an malala masa shito da soyayyen kifi. Kokonmu na safe, mai citta da barkono da tsami, in na haɗa da ƙosai 5 na san sauran, amma in an dama mini marar yaji na ci da burodi, lafiya lau. Babban mai laifin ashe ataya ce, wadda muke zagayawa da ita a ƙofar shago bayan isha'i, kofi 3 da na'ana'a, ga goro a kai. Goro da ganyen shayi duk suna da sinadarin nan na kofi. Ban daina ba, ƙarya ba kyau, na dai mayar da ita kofi ɗaya bayan la'asar. Sigari da shisha kuwa ba wani sassauci, suna kwance zariyar kuma suna rage yawun da ke wanke hanyar. Giya ma haka.

Ƙiba, musamman teɓa, tana danna ciki daga waje. Ni da nake auna ƙugun mutane kullum ban lura nawa ya tashi daga 36 ya kai 42 ba, sai da wandon Sallar bara ya ƙi shiga. Ba sai ka koma kamar sanda ba, ko kaɗan ka rage za ka ji bambanci. Yanzu a ƙasa nake zuwa sarin yadi, sai a dawowa in hau mota.

Mu zo kan magunguna. Kashi na farko masu kashe asid nan take, irin farin ruwan nan magnesium trisilicate da kowane kemis ke da shi, ko na taunawa. Cikin mintuna suke aiki, amma ba sa daɗewa. A girgiza kwalba, a sha in zafin ya taso, ko kamar awa ɗaya bayan abinci da lokacin kwanciya. Irin su Gaviscon kuma wani kumfa suke yi a saman abin da ke ciki, ya zama murfi. Abin lura: suna hana jiki tsotse wasu magunguna, kamar ciprofloxacin, doxycycline da ƙwayar ƙarin jini, don haka a raba su da aƙalla awa 2. Mai ciwon ƙoda kada ya sha sai da izinin likita.

Kashi na biyu masu rage yawan asid ɗin da tumbi ke yi. Akwai famotidine. Akwai ranitidine da aka daɗe ana sha, amma an janye shi a Amurka da ƙasashe da dama a 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a ciki, in ka tarar da ragowarsa a durowa ka zubar. Mafi ƙarfi shi ne omeprazole da 'yan uwansa, kuma shi aka fi sha ba daidai ba. Ni da sai zafin ya taso cikin dare nake haɗiyar ƙwaya ɗaya, in zauna jiran ta yi aiki, in ga shiru in ce jabu ce. Ashe ba a haka yake aiki ba. Ana shan miligiram 20 sau ɗaya a yini, minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, a haɗiye ba a tauna ba, kullum ba fashi, kuma yakan ɗauki 'yan kwanaki kafin ya kankama. In da kanka ka saya, kada ka wuce kwana 14 ba ka ga likita ba. Shi likita yakan ba da na mako 4 zuwa 8. Wanda ya daɗe a kansa kada ya yanke rana ɗaya, asid ɗin kan dawo da ƙarfinsa na ɗan lokaci, a hankali ake janyewa. In za a yi maka gwajin H. pylori ka faɗa musu kana sha, don sai an dakatar da shi mako 2 gwajin ke faɗin gaskiya. Na san mutane a layinmu da suka shekara 3 suna haɗiyarsa kamar gyaɗa, ba wanda ya taɓa duba su, kuma ba su fasa tuwon sha ɗayan dare ba. Shi maganin, wutar kawai yake ragewa, ba ya ɗaure zariya.

Akwai kuma magungunan da su ne ke hura wutar. Mu teloli baya ke damunmu, sai diclofenac da ibuprofen, wani lokaci ma ba a ci komai ba. Waɗannan da asfirin suna cin bangon ciki. 'Yata ta kwashe nawa ta bar mini parasitamol. Wasu magungunan hawan jini, irin nifedipine da amlodipine, su ma sukan sassauta zariyar. Amma wannan kada ka kuskura ka daina da kanka, haka asfirin in likita ne ya ɗora ka a kai saboda zuciya. Ka kwashi kwalayen duka a leda, ka haɗa da katin inshorar lafiyarka, ka kai masa ya gani da idonsa.

Kanwa fa? Tana kashe zafin, ba musu, kakanninmu ba wawaye ba ne. Sai dai cike take da sinadarin nan da ke cikin gishiri, ita da hodar soda ta masu burodi, kuma rabin sa'o'ina suna fama da hawan jini. Ga shi tana cika ciki da iska, gyatsar ta sake turo asid sama. Madara kan sanyaya na ɗan lokaci, in mai maiƙo ce zafin ya dawo. Lemun tsamin da na yi ta sha don murya kuwa, fetur nake zubawa a wuta ban sani ba.

Masu juna biyu suna shan fama da shi, musamman a watannin ƙarshe, don jiki na saki kuma ɗa na turo tumbi sama. Tsofaffi su ce jaririn gashi gare shi. Ko ma mene ne, yawanci yana tafiya bayan haihuwa. A ci kaɗan-kaɗan, a ɗaga gado, a bar kanwa, a tambayi ma'aikatan awo kafin a sha kowane magani.

Azumi shi ne babban gwaji. An wuni ba komai, ana kiran magariba a haɗa koko, ƙosai, masa, pinkaso, lamurji mai sanyi, a bi da shinkafa, sannan a je tarawihi ana ruku'u da sujada da ciki kamar ganga. Da sahur kuma a danna tuwo, a yi sallah, a koma barci. Azumin da ya wuce na sauya tsari. Dabino da ruwa da ɗan koko marar yaji, in yi magariba, in ci abinci daidai misali, soyayye guda 2 kacal. Bayan tarawihi ba na ƙara wani abu mai nauyi. Da likita ya mayar da ni kan omeprazole na watan, sai na riƙa tashi da wuri in sha, in yi alwala da nafila, rabin awa ta cika sannan in ci sahur. Bayan asuba ba na komawa gado, nakan zauna a masallaci har gari ya waye, in barci ya ci ƙarfina in yi shi a jingine a kujerar shago. Ranar 27 ga wata ne kawai na karya dokar, wani kwastoma ya aiko mini da tsire mai ƙuli da yaji ƙarfe 11 na dare ina tsakiyar ɗinkin Sallah. Da asuba yaron shagona ne ya kira sallah.